Majalisar Kwamishinonin Gundumar Miami-Dade

Majalisar Kwamishinonin Gundumar Miami-Dade ita ce majalisar dokoki ta gundumar Miami-Dade da ke kudu maso gabashin jihar Florida a ƙasar Amurka. Tana da mambobi 13, kowane ɗaya yana wakiltar mazaɓarsa, kuma tana zama ne a ginin gwamnati na Stephen P. Clark da ke tsakiyar birnin Miami. Ita ce ke kafa dokokin gunduma, ta yanke adadin harajin kadarori, sannan ta amince da kasafin kuɗin ma'aikatu a kowace shekara. Miami-Dade ce ta fi kowace gunduma yawan jama'a a Florida. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna tana da mutum 2,701,767.

A tsarin mulkin Amurka, gunduma mataki ce da ke ƙarƙashin jiha. Tana kama da ƙaramar hukuma a Najeriya, sai dai ita tana sa harajinta da kanta, kuma a cikinta akwai birane masu nasu hukumomin. Daga cikin ayyukan majalisar Miami-Dade, dokokin gidaje da yaƙi da sauro da rabon kuɗi tsakanin ma'aikatu su ne suka fi shafar rayuwar mazauna kai tsaye, domin yankin ƙasa ce mai kwari da fadama, tana fama da zafi da ruwan sama da mahaukaciyar guguwa. Tarihin majalisar ya nuna cewa yawancin manyan sauye-sauyen da ta yi a waɗannan fannoni sun biyo bayan wani bala'i ne, kuma ikonta yana tsayawa ne inda dokar jiha da kuɗin haraji suka tsayar da shi.

Tarihi

An kafa gundumar Dade a shekarar 1836, tun Florida ba ta zama jiha ba. An sa mata sunan Manjo Francis L. Dade, wani hafsan sojan Amurka da aka kashe a watan Disamba na 1835 a yaƙin da aka yi da ƙabilar Seminole. Da farko faɗinta ya fi na yanzu ƙwarai. Daga baya aka cire gundumar Palm Beach a 1909, aka kuma kafa Broward a 1915. Birnin Miami ya samu hukumarsa a 1896, shekarar da layin dogo na Henry Flagler ya iso wurin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a sun kwararo yankin, har birane fiye da 20 suka cika gundumar, kowanne da dokokinsa na gini da ruwa da zirga-zirga. Don a samu hukumar da za ta haɗa kan waɗannan ayyuka, masu zaɓe na Florida suka yi wa kundin tsarin mulkin jiha gyara a 1956, wanda ya bai wa gundumar damar cin gashin kanta. A 1957 mazauna gundumar suka amince da nasu kundin da ƙaramin rinjaye. Kundin ya samar da mulki mai hawa biyu: gunduma na kula da ayyukan da suka shafi kowa, birane kuma na ci gaba da gudanar da harkokinsu na cikin gida, bisa sharaɗin kada su yi ƙasa da mizanin da gunduma ta gindaya.

A 1993 aka koma zaɓen kwamishinoni 13 daga mazaɓu daban-daban, bayan wata kotun tarayya ta yanke hukuncin cewa tsohon tsarin, wanda duk gunduma ke zaɓen kowane kwamishina, yana tauye ƙuri'un baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. A 1997 aka sauya sunan gundumar zuwa Miami-Dade. A 2007 masu zaɓe suka ƙara wa magajin garin gunduma iko, ya zama shi ne shugaban ɓangaren zartarwa mai naɗa shugabannin ma'aikatu.

Tsari da yadda ake yanke shawara

Ana zaɓen kwamishinoni na tsawon shekara 4, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a takardar ƙuri'a. Tun 2012 aka taƙaita su ga wa'adi biyu a jere. Mambobi ne ke zaɓen shugaban majalisa daga cikinsu na shekara 2. Albashin da kundin 1957 ya yanka wa kwamishina shi ne dala 6,000 a shekara, kuma sau da dama masu zaɓe sun ƙi amincewa da a ƙara shi, ko da yake akwai alawus-alawus da kuɗin ofis da ake ba su.

Ƙudurin doka yakan bi karatu biyu, tare da zaman sauraron ra'ayin jama'a kafin ƙuri'ar ƙarshe. Magajin gari ba ya jefa ƙuri'a a majalisa, amma yana da kwana 10 na hawa kujerar na-ƙi a kan abin da ta zartar, har da ɗaiɗaikun layukan kasafin kuɗi. Majalisa na iya ture wannan ƙin da rinjayen kashi biyu cikin uku. Wata dokar jiha ta 1967 ta wajabta cewa duk wata tattaunawa tsakanin mambobi biyu ko fiye a kan aikin majalisa dole ta kasance a bainar jama'a.

Akwai birane 34 a cikin gundumar, irin su Miami da Hialeah da Miami Beach da Homestead. Sai dai mutum fiye da miliyan 1 suna zaune ne a yankunan da ba sa cikin kowane birni. Ga waɗannan, majalisar ita ce take tsayawa a matsayin hukumar birninsu: ita ke tsara amfani da filaye, da ba da izinin gini, da kwashe shara. Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen fahimtar dokokinta, domin wasu suna aiki a faɗin gunduma baki ɗaya, wasu kuma a waɗancan yankuna kawai. Makarantun gwamnati ba sa ƙarƙashin majalisar. Suna da tasu hukumar da ake zaɓa, mai nata harajin.

Dokokin gidaje

Ƙa'idojin gini da guguwar Andrew

Gundumar ta fara aiki da ƙa'idojin gini na Kudancin Florida a 1957, waɗanda a lokacin ake ɗauka suna cikin mafiya tsauri a ƙasar. A ranar 24 ga Agusta, 1992, mahaukaciyar guguwar Andrew, mai ƙarfin mataki na 5, ta afka wa kudancin gundumar ta wajen Homestead. Ta rushe gidaje fiye da 25,000, ta kuma lalata wasu kimanin 100,000. Binciken da aka gudanar bayan haka ya gano cewa ɓarnar ta yi yawa ne saboda aikin ha'inci na wasu magina da sakacin masu duba gini. An samu rufin gidaje da ba a ɗaure su da kyau ba, da wasu da aka maƙale da ƙananan maƙalai a maimakon ƙusa.

A 1994 aka tsaurara ƙa'idojin. Aka wajabta cewa tagogi da ƙofofin sababbin gidaje su zama masu jure duka, ko a sa musu marufi na kariya, domin da zarar iska ta fasa taga ta shiga ɗaki takan ɗaga rufin daga ciki. Gwajin da ya fi shahara shi ne harba katako mai nauyin kusan kilo 4 a kan taga da gudun kimanin kilomita 55 a sa'a. Kayan ginin da suka ci gwajin suna samun takardar amincewa ta gunduma, wadda masu sana'ar gini a wasu jihohi da ƙasashen Karibiyan ma suke dogara da ita. Da jihar Florida ta fito da ƙa'idojin gini na bai-ɗaya a 2002, ta ware Miami-Dade da Broward a matsayin yankin iska mai tsananin gudu, inda aka bar musu tsauraran sharuɗɗansu.

Binciken tsofaffin gine-gine

A ranar 5 ga Agusta, 1974, wani gini a Miami da ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya yake ciki ya rufta, mutum 7 suka mutu. A shekarar da ta biyo baya majalisar ta kafa dokar da ta ce duk ginin da ya cika shekara 40 sai injiniya ko masanin zanen gini ya duba gangar jikinsa da wayoyin lantarkinsa, sannan a riƙa maimaita binciken duk bayan shekara 10. Dokar ba ta shafi gidajen iyali guda da ƙananan gine-gine ba.

Da daren 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na benen Champlain Towers South mai hawa 12 a garin Surfside ya rushe, mutum 98 suka rasa rayukansu. An kammala ginin ne a 1981, don haka yana tsakiyar shirin bincikensa na shekara 40 ke nan. Tun 2018 wani injiniya ya ba da rahoton babbar lalacewa a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya, amma ba a yi babban gyaran ba. Benen irin na haɗin gwiwa ne, wato kowane sashe da mai shi, ƙungiyar mazauna kuma ke kula da gangar jikin ginin, kuma kuɗin gyaran da aka ƙiyasta ya kai kusan dala miliyan 15 da za a raba a tsakaninsu.

Magajiyar gari Daniella Levine Cava ta ba da umarnin sake duba tsofaffin benaye nan take, har aka kwashe mazauna wasu daga cikinsu. A 2022 majalisar ta rage wa'adin binciken farko zuwa shekara 30, da shekara 25 ga wasu benayen da ke kusa da gaɓar teku. A shekarar ce kuma majalisar dokokin jiha ta wajabta irin wannan bincike a duk Florida, ta kuma tilasta wa ƙungiyoyin mazauna su riƙa tara kuɗin gyara. Matakin ya ƙara tsaro, amma ya ɗora wa masu sassan benaye, musamman tsofaffi 'yan fansho, kuɗaɗen wata-wata masu nauyi.

Iyakar faɗaɗa birni

Miami-Dade tana tsakanin Tekun Atlantika daga gabas da fadamar Everglades daga yamma, saboda haka filin gini ba shi da yawa. Tun 1983 taswirar tsarin ƙasa ta gunduma take ɗauke da wani layi da ake kira iyakar faɗaɗa birni. A bayan layin ba a yarda da manyan rukunin gidaje ko masana'antu ba, domin kare gonakin yankin Redland, da fadama, da rijiyoyin da ke jawo ruwan sha daga taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Biscayne. Matsar da layin yana buƙatar rinjayen kashi biyu cikin uku na majalisa.

Duk lokacin da aka kawo buƙatar matsar da shi, akan yi ja-in-ja tsakanin masu gine-gine, waɗanda ke cewa ƙarancin fili ne ke tsadar da gidaje, da manoma da masu kare muhalli, waɗanda ke cewa ƙasar bayan layin tana da kwari kuma ambaliya na cin ta. A watan Nuwamba na 2022 majalisar ta amince da matsar da layin don wani rukunin ɗakunan ajiyar kaya a kudancin gunduma. Magajiyar gari ta hau kujerar na-ƙi, majalisa ta ture ƙin nata, daga nan batun ya koma kotu.

Haya da tsadar gidaje

Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi a 2021 da 2022, lokacin da mutane masu samun kuɗi da yawa suka ƙauro daga wasu jihohi. A watan Maris na 2022 majalisar ta wajabta wa masu gidajen haya su ba da sanarwar kwana 60 kafin su ƙara haya da fiye da kashi 5 cikin 100. A watan Afrilu magajiyar gari ta ayyana cewa gundumar na cikin matsalar tsadar gidaje, a watan Mayu kuma majalisa ta zartar da dokar haƙƙin 'yan haya, tare da buɗe ofishin da zai riƙa karɓar kokensu.

Waɗannan dokoki ba su daɗe da cikakken ƙarfinsu ba. A 2023 majalisar dokokin jiha ta mayar da ikon tsara hulɗar mai gida da ɗan haya hannun jiha kaɗai. Wata dokar jiha ta wannan shekarar, mai suna Live Local, ta haramta wa gundumomi da birane ƙayyade kuɗin haya. Ta kuma tilasta musu su amince da benayen zama a filayen kasuwanci da na masana'antu, muddin aƙalla kashi 40 cikin 100 na sassan za a ware su na tsawon shekara 30 ga iyalan da samunsu bai wuce kashi 120 cikin 100 na matsakaicin samun yankin ba.

Gundumar na da wasu hanyoyin tallafa wa gidaje masu sauƙin kuɗi. Tun farkon shekarun 1980 take karɓar ƙarin haraji a kan cinikin kadarorin da ba gidajen iyali guda ba, tana ba da rance da shi ga masu gina irin waɗannan gidaje. A 1993 ta kafa asusun marasa matsuguni, wanda ake ciyar da shi da harajin kashi 1 cikin 100 a kan abinci da abin sha a manyan gidajen cin abinci. Fannin ya taɓa fuskantar abin kunya: a 2006 jaridar Miami Herald ta bankaɗo yadda aka biya wasu 'yan kwangila miliyoyin daloli don gidajen da ba a gina ba, a 2007 kuma gwamnatin tarayya ta karɓe hukumar gidajen gundumar na wani lokaci.

Yaƙi da sauro

Sauro tsohuwar matsala ce a yankin. A 1899 cutar shawara ta ɓarke a Miami, har aka killace garin na tsawon watanni. Aikin yaƙi da sauro na hukuma ya fara a gundumar a 1935, yanzu kuma yana hannun wani sashe da ke ƙarƙashin ma'aikatar kula da shara. Dokar jiha ce ke tsara aikin, ma'aikatar gona ta Florida kuma ke sa ido a kansa.

Nau'o'in sauro uku ne suka fi damun yankin. Na farko shi ne baƙin sauron fadamar gishiri, wanda ke ƙyanƙyashewa da yawan gaske a dazukan bakin teku da damina, iska kuma ta kwaso shi zuwa unguwanni. Yana da cizo, amma ba shi ne babban mai yaɗa cuta ga mutane ba. Da yake ba a yin feshi a cikin gandun dajin ƙasa na Everglades da na Biscayne, sai dai a tare shi bayan ya fito, kuma duk unguwar da aka gina kusa da fadama takan ƙara yawan koke-koke. Na biyu shi ne Culex, mai son ruwan kwata, wanda ke ɗauko ƙwayar cutar Yammacin Nilu daga tsuntsaye. Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne Aedes aegypti, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengue da chikungunya da Zika. Asalinsa daga Afirka ne. Ya bambanta da Anopheles mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, domin shi da rana yake cizo, don haka gidan sauro kaɗai ba ya wadatarwa. Yana zuba ƙwai a ɗan ruwan da ya taru a tsohuwar taya, da bokiti, da indararo, da tukunyar fure.

Saboda wannan ɗabi'a, yaƙi da Aedes aegypti ya dogara ne a kan abin da ke cikin gidajen mutane. Ma'aikata na kafa tarkuna don ƙirga sauro, suna bin gida-gida suna zubar da ruwan da ya kwanta, suna kuma iya rubuta wa mai gida gargaɗi. Suna amfani da wata ƙwayar bakteriya da ake kira Bti wadda ke kashe tsutsar sauro, da feshi daga mota ko jirgin sama don kashe manyan sauro. Mazauna na iya kiran layin gunduma na 311 su nemi a zo a duba musu.

Annobar Zika ta 2016

An fara gano ƙwayar cutar Zika a dajin Zika na ƙasar Yuganda a 1947. Ta ja hankalin duniya ne bayan ɓarkewarta a Brazil a 2015, inda aka ga tana jawo haihuwar jarirai masu ƙanƙantaccen kai. A ranar 29 ga Yuli, 2016, gwamnan Florida Rick Scott ya sanar da cewa mutum 4 sun kamu da ita ta cizon sauron cikin gida. A ranar 1 ga Agusta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta shawarci mata masu juna biyu da kada su je unguwar Wynwood ta Miami, wani yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2.6. Wannan ne karo na farko da hukumar ta ba da irin wannan gargaɗi a kan wani wuri a babban yankin ƙasar. A ranar 19 ga Agusta aka ƙara wani ɓangare na Miami Beach, a watan Oktoba kuma unguwar Little River.

Annobar ta iske sashen yaƙi da sauro na gundumar da ma'aikata ƙasa da 20 da kasafin da bai kai dala miliyan 2 ba. Gundumar Lee da tsibiran Florida Keys, waɗanda jama'arsu ba ta kai ta Miami-Dade ko kusa ba, suna kashe ninkin wannan sau da yawa. Dalilin bambancin shi ne su suna da hukumomin yaƙi da sauro masu zaman kansu da ke karɓar nasu harajin, alhali a Miami-Dade sashen yana gogayya ne da 'yan sanda da gidajen yari da wuraren shaƙatawa a kan asusu guda.

Da feshin mota ya kasa, gwamnatin magajin gari Carlos Gimenez ta fara feshin jirgin sama da maganin naled tare da Bti a Wynwood a farkon Agusta. Yawan sauron da ake kamawa a tarkuna ya faɗi ƙwarai, aka kuma cire unguwar daga jerin wuraren yaɗuwa a ranar 19 ga Satumba. A Miami Beach kuwa mazauna sun yi zanga-zanga. Sun kafa hujja da cewa Tarayyar Turai ba ta yarda da amfani da naled ba, kuma a watan Agusta feshinsa ya kashe miliyoyin ƙudan zuma a wata gunduma ta jihar South Carolina. Hukumomin tarayya sun amsa da cewa abin da ake fesawa bai wuce cokali biyu a eka guda ba. An jinkirta feshin da kwana ɗaya, sannan aka yi shi. Aka kuma tumɓuke shukar ado ta bromeliad daga filayen hukuma, saboda tana riƙe ruwa a tsakanin ganyayenta. A ranar 9 ga Disamba aka cire yanki na ƙarshe. Waɗanda suka kamu da cutar ta cizon sauron cikin gida a Florida a shekarar sun haura 200, mafi yawansu a Miami-Dade.

Bayan annobar majalisar ta ɗaga kasafin sashen zuwa fiye da dala miliyan 10 a shekara, aka ƙara ma'aikata da tarkuna da ɗakin gwaji, aka kuma ɗauko masanin ƙwari William Petrie daga tsibiran Cayman ya shugabance shi. A 2018 aka gwada sakin mazajen sauro masu ɗauke da bakteriyar Wolbachia a South Miami. Mazaje ba sa cizo, kuma idan suka sadu da matan daji ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Zika ta lafa, amma tun 2019 ake samun masu kamuwa da dengue a cikin gundumar kusan kowace shekara.

Kasafin kuɗin ma'aikatu

Hanyoyin samun kuɗi

Jimillar kasafin gundumar ta haura dala biliyan 12 a 'yan shekarun nan, amma mafi yawan kuɗin ba a hannun majalisa yake ta juya shi yadda ta ga dama ba. Filin jirgin sama na Miami, da tashar jiragen ruwa, da ma'aikatar ruwa da magudanai suna ciyar da kansu ne daga kuɗin da suke caja, kuma ba a karkatar da shi zuwa wani aikin. Haka ma ƙarin harajin ciniki na rabin kashi 1 cikin 100 da masu zaɓe suka amince da shi a 1991 don asibitocin Jackson, da wani rabin na 2002 don sufuri. Ainihin muhawarar tana kan asusun gama-gari, wanda ke dogara ga harajin kadarori, tunda Florida ba ta karɓar harajin albashi.

Ana lissafa harajin kadarori ne a kan kowace dala 1,000 ta darajar gida ko fili. Majalisar na yanka adadi daban-daban: na gunduma baki ɗaya, na yankunan da ba sa cikin birane, na 'yan kwana-kwana, na ɗakunan karatu, da na biyan bashi. Wanda ke zaune a gidansa na kansa ana yafe masa haraji a kan kimanin dala 50,000 na darajar gidan. Misali, in darajar gida dala 400,000 ce, za a yi lissafi a kan 350,000. In adadin ya kasance dala 4.5 a kan kowace 1,000, harajin wannan layin zai zama dala 1,575. Wani gyaran kundin tsarin mulkin jiha na 1992 ya hana darajar da ake lissafa wa irin wannan gida haraji ta ƙaru da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara. Sakamakon haka, nauyin ya fi faɗawa kan sababbin masu saye da gidajen haya da wuraren kasuwanci.

Jadawalin kasafi

Shekarar kuɗi na farawa ranar 1 ga Oktoba ta ƙare 30 ga Satumba. A farkon Yuli mai ƙiyasta darajar kadarori yake ba da jimillar darajar da za a sa wa haraji. Magajin gari ya gabatar da daftarin kasafi a tsakiyar watan, majalisa kuma ta tsayar da adadi mafi girma da za ta iya sawa. A watan Agusta kowane mai kadara yana samun wasiƙa da ke nuna abin da zai biya. A watan Satumba ake yin zama biyu na sauraron jama'a da yamma, waɗanda kan kai tsakar dare saboda yawan masu magana. Doka ta wajabta kuɗin shiga da na kashewa su daidaita, don haka duk ƙarin da aka yi wa wata ma'aikata sai an nuna inda zai fito.

Taƙaddamar kasafi

Bayan faɗuwar darajar gidaje ta 2008, kuɗin haraji ya ragu sosai. A 2010 magajin gari Carlos Alvarez da majalisa suka ɗaga adadin haraji, a daidai lokacin da aka ƙara wa ma'aikata albashi. Attajiri Norman Braman ya ɗauki nauyin yaƙin neman kiranye, kuma a ranar 15 ga Maris, 2011, kashi 88 cikin 100 na masu ƙuri'a suka tsige Alvarez. A ranar ce aka tsige kwamishina Natacha Seijas. Carlos Gimenez da ya gaje shi ya sauke adadin harajin, ya kuma haɗe ma'aikatu daga 42 zuwa 25. Wannan darasi ya sa kwamishinoni suka daɗe suna ɗari-ɗarin ƙara haraji. A 2012 masu zaɓe sun goyi bayan ƙarin haraji don kula da dabbobin da ba su da masu su, a ƙuri'ar da ba ta da ƙarfin doka, amma ba a aiwatar da ƙarin ba. A 2013 an yi shirin rufe ɗakunan karatu 22 daga cikin 49, sai da jama'a suka yi ca aka ɗebo kuɗi daga ajiya. A cikin wannan yanayi na tsuke aljihu ne Zika ta iske sashen yaƙi da sauro.

Wani gyaran kundin tsarin mulkin jiha na 2018 ya wajabta wa kowace gunduma ta riƙa zaɓen shugaban 'yan sandanta, da mai karɓar haraji, da mai kula da zaɓe, da mai ƙiyasta kadarori, da magatakardan kotu a matsayin jami'ai masu cin gashin kansu. A watan Janairu na 2025 Rosie Cordero-Stutz ta kama aiki a matsayin zaɓaɓɓiyar shugabar 'yan sandan gunduma, muƙamin da aka daina zaɓa tun 1966. Majalisa ce ke biyan kuɗin waɗannan ofisoshi, amma magajin gari ba ya iko da su. Kuɗin kafa su, tare da ƙarewar tallafin tarayya na lokacin korona, suna cikin dalilan giɓin kusan dala miliyan 400 da aka fuskanta a daftarin kasafin 2025 zuwa 2026. Daftarin ya ƙunshi rage tallafin ƙungiyoyin agaji da na al'adu, kuma an mayar da wani ɓangare na kuɗin kafin ƙuri'ar ƙarshe a watan Satumba.

Dangantaka da gwamnatin jiha

Duk da 'yancin da kundin 1957 ya ba ta, dokar jiha tana gaba da ta gunduma a duk inda suka saɓa a kan al'amarin da ya shafi jihar baki ɗaya. Kundin tsarin mulkin Florida ya ƙayyade harajin ayyukan gunduma ga dala 10 a kan kowace 1,000, majalisar dokoki da ke Tallahassee kuma ta sha karɓe iko a fannonin haya da tsara filaye. A wasu lokutan kuma akasin haka ke faruwa, jiha ta ɗauki dokar da Miami-Dade ta fara ta shimfiɗa wa sauran gundumomi, kamar yadda aka yi da ƙa'idojin jure guguwa a 2002 da binciken tsofaffin benaye a 2022.